Jan San Baba da Layar Inna

Sa biyu Baba ya mallaka, ja da fari, kuma ban taɓa ganin ya dubi ɗaya daga cikinmu, mu 'ya'yansa, da irin idon da yake duban su ba. Ba ƙorafi nake yi ba. A cikinmu babu wanda ya taɓa huɗe masa gonar gyaɗa kafin azahar. Damina huɗu ya yi yana ƙulle kuɗin gyaɗa a tsumma kafin ya haɗa shanun nan da garma da karkiya, kuma a ƙauyenmu, can tsakanin Roni da Gwiwa inda duwatsu suka kewaye gonaki, shi ne mutum na uku da ya daina huɗa da ƙarfin bayansa. Da ma bayan ya riga ya gaji. In ya tsuguna alwala sai ya dafa bango kafin ya miƙe.

Lokacin ba a daɗe da barin fam da sule ba, an koma naira da kwabo, kuɗin mai sun fara shigowa, ko'ina ka duba gwamnati na ta gine-gine. Mu ma aka yi mana sabon asibiti a wani gari na bakin titi, tafiyar hantsi daga ƙauyenmu. Ba zan faɗi garin ba, don mutanensa ba su yi mini laifin komai ba. Aka turo likita na gaske, ba irin malaman ba da magani da muke kira likita don girmamawa ba. Matashi ne dogo, ɗan ƙasarmu, yana da ƙaramar mota mai ruwan toka, kuma kowa ya san yana son shanu. Yana da garke a bayan dutse, wani Bafulatani na yi masa kiwo, ƙanensa na lura da shige da fice.

Ni ina koyarwa a firamare a Kanya Babba, ta wajen Babura. Ni ne ɗan fari, shi ya sa Inna ba ta taɓa kama sunana ba. Ina ƙarami "wannan yaron" take cewa, da na fara karɓar albashi ta ƙara mini girma na koma "malamin boko". Allah ya yi ni da saurin fushi. Inna ta ce ba a wajenta na ɗauko ba, Baba ya ce ba a wajensa ba, har yau ba a sami mai abin ba.

Da kaka, ana cirar gyaɗa, Inna ta ɗaga tarin harawa kububuwa ta sare ta a idon sawu. Aka ɗora ta a jaki zuwa bakin titi, motar 'yan gyaɗa ta kai su asibiti. Saƙo bai same ni ba sai ran kwana na huɗu. Na taka keke har cinyoyina suka daina jin magana, na tarar da ita kwance, ƙafa ta kumbura kamar turmi, amma jinin da aka ce yana ta fita ta dasashinta ya tsaya. Duk wanda na tambaya magana ɗaya yake faɗi, likitan nan ya yi ƙoƙari. Ya bar abincinsa ya taso, ya yi mata allurar maciji da hannunsa, ya yini a kanta. Wannan gaskiya ne, kuma ina so a riƙe shi, don duk abin da zan faɗa a kansa nan gaba bai goge shi ba. Na same shi a ofis na durƙusa na yi masa godiya har da hawaye. Da na tambayi Baba batun kuɗi sai ya ce, "An gama da wannan, koma bakin aikinka." Na koma.

Sai da aka ba da hutu na dawo gida na ga abin da aka gama da shi. Ina jingine keke na dubi wajen shanu, fari na tsaye shi kaɗai, turken jan babu komai sai igiya.

"Baba, ina jan?"

"Ka sha ruwa tukuna."

"Na sha a hanya. Ina jan?"

Ya daɗe yana murza ƙwayar carbi ɗaya kafin ya gaya mini. Ranar da za a sallami Inna likita ya kira shi ofis, ya ce allurar da aka yi mata ba ta gwamnati ba ce, tasa ce, da kuɗinsa ya sayo ta a Kano. Ya yanka masa kuɗin da suka fi albashina na wata huɗu. Baba ya ce ba a sayar da gyaɗa ba tukuna, a yi masa haƙuri. Likita ya ce babu damuwa, yana da dabba? Washegari Baba ya ja jan san da hannunsa har garken bayan dutse.

Na ce, "Me ya sa ba ka aiko mini ba?"

Ya ce, "Don na san halinka."

Raina ya ɓaci, amma a kaina ya ɓaci, da ban iya fanshe san ba. Ban zargi kowa ba. Har na fara lissafin wata nawa zan yi ina shan koko babu ƙosai kafin in haɗa kuɗin wani.

Inna ce ta tona abin ba da saninta ba. Akwai wata ma'aikaciyar jinya, Kirista daga kudancin Zariya, wadda ta riƙa juya ta tana wanke mata ƙafa duk kwanakin nan. Inna ta ɗaure mata gyaɗa da ƙuli-ƙuli ta ce in kai mata. Na same ta a gidanta bayan asibiti tana tankaɗe, ta karɓa ta yi ta sa albarka, ta tambayi ƙafar Inna. Sannan ta dubi ƙofa, ta rage murya.

"Malam, da gaske ne sa kuka bayar?"

Na ce da gaske ne.

Ta ajiye rariya. "Allurar nan ta gwamnati ce. Ni na buɗe firji na ɗauko ta, ni na sa hannu a littafi. Kyauta ake yi wa kowa." Kafin in buɗe baki ta ɗaga hannu. "Ban gaya maka komai ba. Ni baƙuwa ce a nan, 'ya'yana uku, mijina kafinta ne. In ka ambace ni zan rantse ban taɓa ganinka ba. Kuma in ba ka da takarda kada ka fara. Zai ce saye ya yi, manya kuma maganarsa za su ɗauka, ba ta manomi ba."

Ban san yadda na iso gida ba. Na dai tuna na wuce wasu dattawa a bakin rijiya ban yi musu sallama ba, abin da aka yi wata guda ana maimaita wa Baba. Ina shiga zaure na ce zan rubuta takardar koke zuwa ga manyan lafiya a Kano, don a lokacin muna ƙarƙashin Kano ne.

Baba ya ce, "Ba za ka rubuta ba."

"Zalunci ne, Baba!"

"Ban ce ba zalunci ba ne. Wa ya tsaya a kan uwarka? Kai ne?"

Kafin in amsa ya ci gaba.

"Mutum ya tsaya maka a kan rai, ka tsaya masa a kan dabba? Da wane ido zan dubi mutane? Kuma likita nawa ne a ƙasar nan? In ka sa aka ɗauke shi, gobe maciji ya sari wani, kai za ka yi masa allura da allinka?"

Babu wanda ya iya kashe mini baki kamar Baba, kuma abin haushin, ba ya ɗaga murya. Na koma Kanya Babba da maganar a ciki. Duk ranin nan na rubuta takardar sau uku na yage sau uku. Wata rana in tashi da safe in ce wallahi yau sai na kai ta gidan waya, kafin a tashi makaranta in tuna likita a sunkuye kan ƙafar Inna, jikina ya yi sanyi. Na yi shawara da hedimasta ya ce in rufa wa kaina asiri, ma'aikacin gwamnati ba ya kai ƙarar ma'aikacin gwamnati, balle babu shaida. Na ji haushinsa ƙwarai, musamman da yake gaskiya ya faɗa. Yara kuwa sun sha fushin da ba nasu ba a wannan zangon, Allah ya yafe mini.

Da bazara ta kama na sake zuwa gida. Farin sa ya rame, yana ta waiwayen turken da babu kowa. Sa ɗaya ba ya jan garma, karkiya wuya biyu take nema. Gero da sauƙi, da sungumi ake shuka shi. Gonar gyaɗa ce ke buƙatar huɗa, kuma gyaɗar nan ita ce harajin gidanmu da suturarsa da cefanensa. Masu shanu biyun da suka rage a ƙauye ba za su waiwayi gonar wani ba sai sun gama tasu, lokacin shuka ya wuce.

Ina zaune a tsakar gida Inna na tsinkar rama, ta miƙe ƙafa, sai na ga wata jar laya da ban san ta da ita ba ɗaure a idon sawunta, daidai kan tabon. Da ma ina neman wanda zan sauke wa haushi.

"Inna, allura ta warkar da ke, amma malamin tsibbu ne ya ci ladan. Nawa kuma aka karɓe muku a wannan?"

Ta harare ni. "Ji malamin boko. Wannan ba ta malamin kowa ba ce. Rubutun likita ne, da hannunsa."

Na ce, "Wane rubutu?"

Ashe ranar da Baba zai kai sa, likita ya yago takarda ya yi rubutu ya ce ya ba ƙanensa a garke. Baba ya je bai sami ƙanen ba, sai Bafulatanin. Ya miƙa masa igiya ya karɓa, ya miƙa masa takarda ya ce, "Ni ba na karatu, baba, riƙe abarka." Baba ya dawo da ita a aljihu bai san yadda zai yi da ita ba. Inna kuwa ta san yadda ake yi da rubutu. A wajenmu duk rubutun da ya fito daga hannun mai magani, ko dai a wanke a sha, ko a ɗinke a ɗaura. Ta duba ta ga tawadar likita ba ta wankuwa, sai ta aika wa baduku ya naɗe ta a jar fata. Wata shida ke nan tana yawo da ita a ƙafa, ta ce tun da ta ɗaura ko tsami ƙafar ba ta ƙara yi mata ba.

Na miƙe tsaye ban sani ba. "Inna, ba ni ita in duba."

Ta janye ƙafar ta rufe da zane. "A'a. Laya in an buɗe ta ta karye."

"Ba laya ba ce, takarda ce! Ita ce za ta dawo da san Baba!"

"Ita ce ta tsare mini ƙafa. In dafin ya motsa fa? Kai za ka kwanta?"

Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi mata bayanin yadda allura ke kashe dafi har da zane a ƙasa da tsinke. Ta saurare ni tsaf, ta ce na iya koyarwa, Allah ya ƙara basira, ta ci gaba da tsinkar ramarta.  Shaidar da na yi wata da watanni ina nema tana gabana, taku biyu, ɗaure a ƙafar uwata, kuma babu ɗan halak ɗin da zai kai hannu ƙafar uwarsa da ƙarfi. Na shiga ɗaki na kwanta ina huci, tuwon ma ban ci ba.

Kwana biyu bayan haka hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Da hantsi Baba ya shiga rumbu ya zaro tsohuwar garmarsa ta hannu, wadda ya rataye tun ranar da ya sayi shanu. Ta yi tsatsa. Ya saɓa ta zai kai maƙera a gyara mata baki. Da ya zo fita, ƙotar ta zame ta faɗi, ya sunkuya zai ɗauka, bayan ya riƙe. Ya tsaya a haka, a sunkuye, hannu ɗaya a gwiwa, yana jira bayan ya sake shi.  Ni na ruga na ɗauke garmar, amma na ga Inna a bakin madafa, da muciya a hannu, tana kallonsa.

Da ya fita ta kira ni. "Malamin boko. Rubuta takardarka."

Na ce, "Baba fa?"

"Ka bar ni da shi. Amma da sharaɗi. Ba kai za ka kwance ta ba, ba a nan ba kuma. Ni zan kwance da hannuna, a gaban mai rubutun, bayan na gaishe shi."

"Inna, in ban ga abin da ke ciki ba yaya zan yi in rubuta cewa ina da shaida?"

"Wannan kuma aikin boko ne, ba nawa ba."

Ban san abin da ta gaya wa Baba ba. Da yamma dai ya ce mini, "In za ka rubuta, ka fara da cewa mutumin nan ya yi mana alheri. Kuma kada ka zagi kowa." Haka na yi. Na cire duk manyan kalmomin Turancin da na tanada don yanka, na bar magana tsurarta: an ceci uwata, an karɓi san ubana, muna tambaya ko haka doka ta ce. Ma'aikaciyar jinya ko inuwarta ban ambata ba. Na kai gidan waya a Kazaure da kaina, na tsaya na ga an buga hatimi.

Ruwan farko ya sauka, aka shuka gero, ya tsiro. Gonar gyaɗa na kwance ba a taɓa ta ba. Har na fara cire rai sai ga amsa, wai babban jami'i mai zagayen asibitoci zai zo ranar Talata, mu hallara da shaidarmu.

A hanya tsoro ya kama ni. Wata bakwai takarda na ƙafar mace mai alwala sau biyar a yini, mai zuwa rijiya, mai gumi a madafa. In aka buɗe aka tarar da dusa fa? Ko a tarar sunan magani ne kawai ya rubuta? Na dubi Inna a kan jaki, ta yi lulluɓi da mayafinta na zuwa suna, ta rungume ƙwarya a cinya, hankalinta kwance. Na tambaye ta mene ne a ƙwaryar ta ce ba nawa ba ne.

A ofishin likitan aka zauna. Jami'in dattijo ne mai furfura da tabarau, mai magana a hankali, irin waɗanda ba ka gane inda suka dosa. Likita na gefe cikin farar rigarsa, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Aka ba Baba kujera ya ƙi, ya zauna a ƙasa, Inna ta zauna bayansa. Jami'in ya karanta takardata, ya juya ga likita.

Likita ya yi murmushi. "Ranka ya daɗe, abin ya ba ni mamaki. Matar nan a hannuna ta tashi, kuma ko kwabo ban karɓa ba. Ina da shanu, ban musa ba, amma duk wanda ke garkena a kasuwa na saye shi. Ban san inda malamin nan ya samo wannan labari ba."

 Na yunƙura, Baba ya kama bakin rigata ya ja, ba tare da ya ɗago ba. Jami'in ya dube ni ta saman tabarau. "Malam, ka rubuta cewa akwai shaida. Tana ina?"

Kafin in amsa Inna ta matso gaba a durƙushe, ta ajiye ƙwaryar a gaban likita, ta buɗe faifan. Ƙwan zabi ne, na farkon damina, a jere cikin ƙaiƙayi.

"Likita, ina wuni. Ga wannan, ba yawa. Tun da na tashi ban zo na gode maka da bakina ba. Ka tsaya a kaina, Allah ya tsaya maka. Allah ya raya zuri'a."

Likita ya sauke ƙafarsa. Ya ce amin, Mama, amin, yana duban jami'in kamar mai cewa ka gani ko. Ni kuwa na ce a raina shi ke nan, Inna ta kashe mu.

Sai ta juya ga jami'in. "Ranka ya daɗe, rubutun da ya ba maigida ranar da aka kai sa, ga shi nan. Ban yar ba, ban bari ya taɓa ƙasa ba." Ta ja bakin zane kaɗan, ta sa hannu ta fara kwance igiyar. Ƙullin ya ciza, na san tsoro take ji na gaske, don har ranta ta yarda dafin na nan yana jiran wannan rana. Ta yi bismilla ta fizge, ta miƙa layar da hannu biyu.

Jami'in ya jujjuya ta. Ya aika aka kawo reza daga ɗakin ɗaurin ciwo. Ya farke ɗinkin a hankali, ya ɓare fata, sai ga zare fari an naɗe abin da shi kamar ƙwarƙwaron masaƙa. Allah ya saka wa badukun garinmu da alheri, ya yi aiki kamar ya san inda za a buɗe shi. Jami'in ya yi ta warwarar zare, ana jiyo kukan wani jariri daga ɗakin mata. Takardar ta fito 'yar mitsitsiya, an ninke ta sau takwas, a bushe ƙamas. Ya shimfiɗa ta a tebur ya danne da yatsa biyu. Daga inda nake na hango tambarin asibitin a samanta.

Ya karanta a zuci, ya sake karantawa, sannan ya fassara da Hausa don kowa ya ji. Likita ne ke gaya wa ƙanensa ya karɓi jan sa guda daga hannun mai wannan takarda, kuɗin allurar maciji da aka yi wa matarsa. Ga kwanan wata, ga sa hannu.

"Likita, hannunka ne wannan?"

Likita ya dubi takarda, ya dubi guntun jar fatar da ke tebur, ya dubi Inna.  Gumi ya tsattsafo masa a goshi. Zan faɗi gaskiya, daɗin da na ji a wannan lokacin ban ji irinsa ba ko ranar da na ci jarrabawar malanta. Na so in yi magana, na tanadi magana ta wata shida, amma Baba bai saki rigata ba.

Jami'in bai yi faɗa a gabanmu ba. Ya ce abin da ke tsakaninsa da likita na ofis ne. Ya ɗauki takarda ya yi rubutu, ya buga hatimi, ya sa likita ya sa hannu a ƙasa, ya miƙa wa Baba. "Baba, a kai wannan garke, a ba ku sanku yau. Ku yi haƙuri." Sannan ya ce da Inna, "Mama, wannan taki zan tafi da ita Kano. Ƙafarki kuwa ta warke tun tuni, ba abin da zai same ta in Allah ya so." Inna ta ce to, amma na ga tana shafa wurin. Da za mu fita ta juye wa likita ƙwan a cikin tiren tebur ta ɗauki ƙwaryarta, ta ce masa a gai da iyali.

A baranda muka yi kiciɓis da ma'aikaciyar jinyar nan ɗauke da kwano. Ta wuce ni kamar ba ta taɓa ganina ba, ta durƙusa ta gai da Inna, ta duba tabon, ta matsa mata hannu da ƙarfi.

Muka zaga bayan dutse. Shanu sun fi talatin a garken, amma ba mu sha wahalar nema ba. Baba ya tsaya a bakin shinge ya yi 'yar fitar da yake yi in zai ba su dusa, sai ga wani jan kai ya ɗago daga tsakiya, ya yi kuka, ya ratso sauran yana ture su. Ya yi ƙiba, wannan kam ba a cuce shi ba. Baba ya rungume wuyansa yana ce masa, "Ka gan ka, ka gan ka," na kau da kai don kada ya san na ga idonsa. Ƙanen likita yau ma ba ya nan. Baba ya miƙa wa Bafulatanin takardar jami'i, ya dube ta sama da ƙasa, ya yi dariya.

"Ni ba na karatu, baba, riƙe abarka. Sa kuwa ai ya faɗi mai shi."

Ranar kasuwar wani ƙauye ce a kan hanyarmu, kuma ni na ce lallai ta cikin kasuwar za mu bi, ko da yake akwai yanke. Baba na gaba da igiya, Inna a kan jaki, ni a baya ina tura keke ina amsa tambayar duk wanda ya tambaya, da wanda bai tambaya ba. Kafin mu isa gida labari ya riga mu. Mata suka fito suna guɗa kamar an kawo amarya, farin sa ya yi ta kuka yana jan turke har ya kusa tuge shi.

Ba kowa ne ya yi murna ba. Akwai waɗanda suka ce na yi butulci, wani dattijo ya daina amsa gaisuwata har ya rasu. Amma ba a ɗauke likitan a wannan shekarar ba, ɗauke shin kuwa shi ne abin da Baba ya fi tsoro. Abin da aka yi shi ne aka kafa allo a ƙofar asibiti, da boko da ajami, cewa allurar maciji kyauta ce. Na kuma ji an ce wasu awaki da raguna sun koma gidajensu a ɓoye, ba tare da kowa ya rubuta komai ba.

Kwana biyu da dawowar sa aka yi ruwa mai yawa. Da sassafe Baba ya ɗaura musu karkiya, ja a dama, fari a hagu, yadda suka saba. Na riƙe igiya, ya kama garma, ƙasa ta riƙa kifewa baƙa wuluk tana ƙamshi. Inna na biye da mu da ƙwaryar iri, tana jefawa tana takewa da ƙafar nan da babu komai a kanta sai tabo da farin zoben da igiya ta bari. Kafin azahar mun gama.

Sai da muka tsaya hutawa a gindin gawo na lura da wuyan jan. Ƙarƙashin karkiya wata jar laya ce sabuwa fil take lilo. Na dubi Baba, ya ɗaga kafaɗa, ya nuna Inna da haɓa. Na laluba aljihun rigarsa da ke rataye a reshe, takardar jami'i babu ita.

"Inna! Takardar gwamnati ce fa!"

Ta kurɓi fura ta miƙa wa Baba ludayin. "To, na ce ba ita ba ce? Waccan ta kai shi, wannan ta dawo da shi. Duk wanda ya ƙara zuwa karɓarsa, a farke masa ya karanta."

Shekara bakwai san nan ya ƙara yi yana huɗa a gonarmu, da layarsa a wuya, kuma babu wanda ya sake zuwa.